Himofiliya a gidanmu: daga ina ta fito, kuma yaya za a yi da kaciya da cikin da nake ɗauke da shi?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni uwa ce daga Gadarif a Sudan. Ina da 'ya mace babba, sai ƙanenta mai shekara uku. Tun yana rarrafe nake ganin kullutu baƙi-baƙi a gwiwoyinsa, bara kuma ya faɗi ya ciji harshe, jini ya ƙi tsayawa sai da aka ƙara masa jini. An yi gwaji an ce himofiliya ce, fakta 8 ɗinsa bai kai kashi 1 ba. Mijina ɗan baffana ne, sai wasu suka ce auren zumunci ne ya jawo. Surukata kuma ta ce daga gidanmu aka kawo, don ina da wa da ya rasu yana yaro bayan an yi masa kaciya. Yanzu ina da ciki wata biyar, ga maganar kaciyar yaron ta fara tasowa. Don Allah daga ina ciwon nan yake? Wanda zan haifa ma zai samu? Kuma ana warkewa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya sauke ki lafiya, ya jiƙan yayanki. Tambayarki ta haɗa asalin ciwon, da wanda ake ɗora wa laifi, da magani, da kaciya, da abin da ke cikinki. Zan fara da maganar laifin, don na san ita ce ke hana ki barci, kuma idan ba a warware ta a gida ba, sauran shawarwarin ba za su samu mai saurare ba.

Hanyar da ciwon yake bi

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da kuromosom 46, wato ma'ajiyar umarnin gado, a cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke raba namiji da mace: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Umarnin da jiki yake bi ya ƙera fakta 8, haka ma fakta 9, wato sinadaran da suke taimaka wa jini ya tsaya, a kan X yake. Y ba ya ɗauke da shi. To ɗa namiji daga uwarsa kaɗai yake karɓar X, abin da uba ya ba shi Y ne. Idan X ɗin da ya karɓa yana da matsala a wannan wuri, ba shi da na biyu da zai rufa masa, sai ciwon ya bayyana. Mace kuwa tana da na biyu, shi ya sa yawanci take rayuwarta lafiya ƙalau alhali tana ɗauke da shi.

Daga nan kin ga amsar masu cewa auren zumunci. Mijinki bai ba yaron nan X ba, don haka ko Balarabe kika aura daga Dongola, ko Bature, lissafin ɗaya ne. Na san abin da ya sa mutane suke saurin faɗin haka, don akwai wasu cututtukan zubar jini da auren dangi yake ƙara yawansu a Sudan, irin su Glanzmann da ƙarancin fakta 13 da mai tsanani daga cikin ciwon von Willebrand, waɗanda sai uwa da uba duk sun bayar kafin su fito, kuma suna kama mata da maza. Na ɗanki ba ya cikinsu.

Surukarki kuwa ta faɗi gaskiyar hanya, amma ta ɗora laifi inda babu shi. Idan yayanki himofiliya ce ta yi ajalinsa, kuma labarin ya yi kama da haka sosai, to mahaifiyarki tana ɗauke da ita, ke ma daga wurinta kika karɓa. Ba ki zaɓa ba, ita ma ba ta zaɓa ba, ba wani abu kika ci ko kika tsallaka da ciki ba, ba kuma sammu ba ne. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon ma babu tarihinsa ko kaɗan a danginsu, canjin sabo ne ya auku a ƙwayar halitta. A kusan rabin masu tsananin nau'in A, wato ƙarancin fakta 8 irin na ɗanki, wani yanki ne na umarnin ya juya baya-gaba, kuma an gano cewa sau da yawa juyawar tana fara aukuwa ne a jikin kakan yaro na wajen uwa, mutumin da bai taɓa zubar da jini ba a rayuwarsa. Ciwon bai san talaka ko basarake ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ɗauke shi, ɗanta Leopold ya rasu a 1884 bayan ya faɗi, kuma ta 'ya'yanta mata ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen da Jamus. Tun kafin su, likitan Andalus Abul Ƙasim al-Zahrawi, wajen shekara dubu da suka wuce, ya rubuta labarin mutanen da mazansu suke mutuwa da zubar jini bayan ɗan rauni kaɗan.

Lissafin da ya shafe ki shi ne wannan. A kowane ciki, idan namiji ne, rabi da rabi ne ya samu ko ya tsira. Idan mace ce, rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi. Kowane ciki lissafinsa daban, wanda ya gabata ba ya rage wa na baya komai. Na sha jin ana cewa tunda ɗaya ya ɗauka, na gaba zai kuɓuta, wannan ba haka ba ne. Shi kuma ɗanki idan Allah ya raya shi ya yi aure, 'ya'yansa maza duk lafiya za su fito, matan kuwa duk za su ɗauka. A nan ne kawai zumunci zai iya shigowa: idan aka haɗa shi da 'yar ƙanwarki, wadda ita ma tana iya ɗauke da shi, za a iya haifar mace mai cikakkiyar himofiliya. Ki riƙe wannan har lokacin ya zo.

Abin da ke faruwa a jikinsa

Mutane suna zaton mai himofiliya jininsa ya fi na kowa gudu, ko ɗan yankan reza zai kashe shi. Ba gudu ya fi ba, tsayawa ce take yi masa wuya. Idan jijiya ta fashe, ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet suna fara toshe wurin, nasa kuma lafiyarsu lau. Bayan su sai wasu sinadarai su tashi ɗaya bayan ɗaya su saƙa zaren da zai ɗaure toshiyar, kamar leburori a layi suna miƙa wa juna bulo har ya kai ga magini. Idan na takwas, wato fakta 8, ba ya nan, bulon ba zai isa ba. Shi ya sa jinin yakan yi kamar ya tsaya, da dare kuma ya dawo, kamar yadda kika gani a harshensa.

Nau'in A, wato ƙarancin fakta 8, shi ne mafi yawa, yana samun kusan ɗaya cikin jarirai maza 5,000. Nau'in B na fakta 9 ne, bai kai wancan yawa ba. Da ido ba a bambanta su, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki, don haka ki haddace: A, fakta 8. Wanda faktarsa take tsakanin kashi 5 zuwa 40 nasa mai sauƙi ne, sai an yi tiyata ko cire haƙori ake ganewa. Kashi 1 zuwa 5 matsakaici ne. Ƙasa da kashi 1, inda ɗanki yake, shi ne mai tsanani, wanda jini zai iya ɓalle masa ba tare da ya bige ba.

Jinin da ake gani a waje ba shi ne babban abin tsorona ba. Wanda yake zuba a cikin gaɓoɓi ne, gwiwa da idon sawu da gwiwar hannu. Yaron da ya fara wayo zai ce miki yana jin wani ɗumi ko tsiri-tsiri a ciki tun kafin a ga kumburi, ƙarami kuma sai ki ga ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi miƙe hannu. Duk lokacin da jini ya kwanta a gaɓa, ƙarfen da ke cikinsa yana cin guringuntsi, fatar cikin gaɓar ta yi kauri ta cika da ƙananan jijiyoyi masu saurin fashewa, sai zubar ta riƙa komawa wuri ɗaya. Na duba wani yaro da bai kai shekara goma ba, aka shigo da shi a goye. Gwiwarsa ta dama ta kumbura ta ƙi miƙewa, cinyar ta tsotse har ta kusa zama kaurin hannunsa, a kan fatar gwiwar kuma ga layukan tsaga jere, wasu sun warke wasu sabbi. Duk sanda ta kumbura sai a kai shi wurin maɗori ya ja ya murza, daga nan wanzami ya tsaga don a fitar da mataccen jini. Iyayen ba sakaci suka yi ba, duk abin da suka sani sun yi, har sun sayar da akuyoyi. Amma gwiwar nan ta riga ta tafi. Ɗanki shekararsa uku, gaɓoɓinsa suna nan garau, kuma duk maganar magani a kan tsare su take.

Magani

Asalin maganin shi ne a mayar masa da abin da ya rasa. Fakta 8 tana zuwa gari a ƙaramar kwalba, mai raka'a 250 ko 500 ko 1,000, a narka da ruwan da ke tare da ita a yi ta jijiya. Kowace raka'a ɗaya a kan kilo ɗaya na nauyinsa tana ɗaga faktarsa da kusan kashi 2, amma ba ta daɗewa, cikin awa 8 zuwa 12 rabinta ya tafi. Adadin da za a ba shi ya danganta da nauyinsa da inda jinin yake, wannan kuwa aikin likitan da yake ganinsa ne, ni ban gan shi ba. Abin da zan jaddada shi ne sauri. Allurar da aka yi cikin awa biyu da fara ciwon gwiwa ta fi uku da aka yi bayan kwana biyu. Kada ki jira kumburi ya tabbatar miki.

Hanya mafi kyau ita ce a riƙa ba shi a kai a kai, sau biyu ko uku a mako, ko yana zubar da jini ko ba ya yi. Likitocin Suwidin ne suka fara wannan tun ƙarshen shekarun 1950, wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 kuma ya nuna yaran da aka yi wa haka sun fi tsira da gaɓoɓinsu. Inda magani ya yi ƙaranci ana ba da ɗan kaɗan, raka'a 10 zuwa 15 a kowane kilo, kuma ko wannan ya fi zaman jiran ciwo nesa ba kusa ba. Uwaye da yawa sun koyi yin allurar da kansu. Na ga wadda hannunta yake rawa ranar farko har ta kasa buɗe kwalbar, daga baya ita ce take nuna wa sabbin ma'aikata jijiyar bayan hannun ɗanta da ta fi sauƙin samu.

Kin san halin da ƙasa take ciki tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Kafin nan a Khartum aka fi samun kulawar masu wannan ciwo, yaƙin kuma ya tarwatsa asibitoci da hanyoyin magani. Fakta ba abin da talaka zai saya da aljihunsa ba ne. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, tana da shirin ba da ita kyauta ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ta hannun cibiyoyi da ƙungiyoyin masu ciwon take bi, ga waɗanda aka yi wa rajista. Don haka ki matsa wa likitan yara ko na bankin jini a babban asibitin Gadarif ya sa sunan ɗanki a rajista, ya haɗa ki da sauran iyaye, don su ne suke fara sanin inda kaya suka sauka. Idan kin samu kwalabe, a firij ake ajiyewa, ba a gidan ƙanƙara ba. Da yawansu suna jure zama a waje na wasu watanni idan zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba, amma zafin Gadarif a watan Afrilu ya fi haka, ki karanta takardar ciki ki nemi mai firij na sola.

Idan babu fakta, bankin jini yana iya ba da kirayo, wani ɓangare da ake cirewa daga daskararren ruwan jini, mai ɗauke da fakta 8. Idan shi ma babu, sai filasma, wato ruwan jinin kansa, duk da ba ta ɗaga fakta sosai. Suna ceton rai, amma daga jikin mutane suke, shi ya sa ya kamata ya kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B. Don jinin baki da hanci da dasashi, tiranekzamik asid yana taimakawa ƙwarai kuma yana da araha, sai dai ba a ba da shi idan jinin a fitsari yake. Desmofuresin da za ki ji ana ambata na masu sauƙi ne, ba zai yi wa ɗanki komai ba.

Akwai matsala guda da dole ki sani. A kusan uku cikin goma na masu tsananin nau'in A, jiki yana ɗaukar faktar a matsayin baƙuwa ya ƙera abin da zai kashe ta, ana kiransa inhibita, kuma yawanci a cikin allurai hamsin na farko yake fitowa. Alamarsa ita ce a yi allura kamar kullum amma ciwon ya ƙi lafawa. Idan kin ga haka ki nemi a gwada, kada a yi ta ƙara kwalabe a banza. Akwai magungunan da suke zagaye shi. Akwai kuma emisizumab, wanda aka fara amincewa da shi a 2017, ana yin sa a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako, ko mako biyu, ko wata, yana yin aikin fakta 8 ga mai inhibita da marar shi. A ganina shi ne ya fi dacewa da yaro irin naki, mai ƙananan jijiyoyi da nisa da asibiti. Ki tambaya ko yana cikin abin da ake samu ta hanyar tallafi.

Ana warkewa? A yau, ga yaro mai shekara uku, a'a. Akwai maganin da ake saka lafiyayyen umarnin a cikin hanta ta allura guda. An amince da na nau'in B a Amurka a 2022 a kan dala miliyan 3.5, na nau'in A kuma a Turai a shekarar. Manya kaɗai ake yi wa, a nau'in A ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, kuma ba ya hana mutum gadar wa 'ya'yansa mata. Duk wanda ya ce miki yana da sassaƙe ko rubutun da zai cire shi daga jini, kuɗinki yake so. Addu'a kam ki yi ta yi, tare da allurar.

Abin da za ki tsare shi daga gare shi

Mu mutane ne masu son allura, in ba a yi ta ba sai mu ga kamar ba a yi magani ba. Ga ɗanki allurar ɗuwawu haɗari ce, tana iya tara jini a cikin tsoka. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ki ce a ba shi na sha ko ta jijiya. Rigakafin yara kada ya wuce shi, amma a yi da siririyar allura, a ƙarƙashin fata inda ya yiwu, a danne wurin minti biyar. Asfirin da burufen da dikulofenak ki raba shi da su, farasitamol ne nasa. Babu ƙaho, babu tsaga, babu murzar maɗori. Idan gaɓa ta kumbura, a hutar da ita, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a ɗaga ta, a nemi fakta. Ki kula da haƙoransa tun yanzu, don cire ruɓaɓɓen haƙori a wurinsa ƙaramar tiyata ce. Kada kuma tsoro ya sa ki kulle shi a ɗaki, tsoka mai ƙarfi ita ce take tsare gaɓa. Ya yi tafiya, ya yi wasa, ya je makarantar allo da ta boko, amma malamansa su san ba a dukansa.

Wurare huɗu ba a jira a kansu: buguwa a kai ko da bai yi kuka ba, kumburi a wuya ko ƙarƙashin harshe, ciwon ciki ko baƙin kashi, da ciwon mara ko matsematsi da ya hana shi miƙe ƙafa. A waɗannan fakta ake fara bayarwa, hoto ya biyo baya. Ki sa a rubuta masa kati da Larabci mai nau'in ciwon da matakinsa da nauyinsa, ya kasance a jakarki kullum, don ma'aikacin da za ki tarar da tsakar dare wataƙila bai taɓa ganin mai himofiliya ba.

Kaciya da haihuwa

Ana yi wa mai himofiliya kaciya, amma a asibiti, a hannun likitan tiyata, bayan an gwada an ga ba shi da inhibita, da fakta a hannu wadda za ta isa kafin aikin da kwanakin da za su biyo baya. Idan ba ta cika ba, a jira. Babu wanzami, komai gwanintarsa, babu kaciyar taro da ake yi wa yaran unguwa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi kaciya sunna ce mai ƙarfi, tsare rai kuwa wajibi ne. Ki sa mijinki ya je wurin limaminku da takardar asibiti, in ya so limamin ya yi wa surukarki bayani, za ta fi ji daga bakinsa.

Ke kuma, ki gaya wa masu awonki yau, ba ranar naƙuda ba. Masu ɗauke da ciwon da yawa faktarsu tana ƙasa da yadda ya kamata, suna fama da yawan jinin al'ada ba su san dalili ba. Ciki yana ɗaga fakta 8, bayan haihuwa kuma ta sauka, don haka a auna taki a watannin ƙarshe, a kuma sa ido a kan jinin biƙi har makonni bayan kin koma gida. Ki haihu a asibitin da yake da bankin jini. Haihuwa da kanki tana yiwuwa, abin da ake gudu shi ne doguwar naƙuda da jawo kan jariri da na'urar zuƙo ko ƙarfe, idan abu ya yi wuya gara a yi aiki da wuri. Idan hoto ya nuna namiji ne, a ɗauke shi a matsayin mai ciwon har sai gwaji ya wanke shi. A ɗebi jinin cibiya a auna fakta 8, a ba shi bitamin K ta baki maimakon allurar cinya, kuma kada a bari kowa ya cire masa belu ko ya yi masa kaciya ranar suna. Idan ya ƙi kama nono, ko ya yi fari, ko kansa ya kumbura, a koma asibiti a take.

'Yarki babba ma a auna faktarta kafin ta fara al'ada ko a yi mata wani aiki, sai dai ki sani sakamako mai kyau ba ya tabbatar da cewa ba ta ɗauke da shi, gwajin ƙwayar halitta ne kaɗai yake yanke wannan. Haka 'yan'uwanki mata da kuke ciki ɗaya, da 'ya'yan ƙannen mahaifiyarki mata. Idan a cikinsu akwai mai ɗa namiji da ba a yi wa kaciya ba tukuna, ki kira ta a waya kafin sanyin bana ya shigo a fara kiran wanzamai.